Binciken ɗaliban lisans da wasan dandali: abin da nake so mu fara a Maraɗi

'Yan uwa, ina cikin masu ganin cewa lokaci ya yi da jami'o'inmu za su ba wasan da ɗalibai ke yi a dandali irin nauyin da suke ba jarrabawar aji, kuma su daina jiran sai ɗalibi ya kai matakin masta kafin a amince masa ya taɓa bincike. A ganina waɗannan abubuwa biyu aiki ɗaya ne. Ɗalibin da ya je ƙauye ya zauna da makaɗi ya rubuto abin da ya ji, bai gama aikinsa ba sai ya tsaya a gaban jama'a ya nuna shi. Wanda kuma ya hau dandali ba tare da ya bincika komai ba, zai iya ba mutane dariya, amma ba zai ƙara musu sani ba.

Tsarin karatun da muke bi, wato lisans, masta da dakta, ya ba matakin farko shekaru 3, kuma mafi yawan yaranmu a nan suke tsayawa, saboda halin gida ko neman abin yi. Idan muka ce bincike sai a masta, to mun yanke hukunci ke nan cewa mafi yawan waɗanda suka shiga jami'a za su fita ba su taɓa yi wa kowa tambaya da kansu ba, ba su taɓa rubuta wani abu da ba a riga an rubuta shi ba. A Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni tana da fannin fasaha da al'adu a tsangayar adabi. Jami'ar Damagaram tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi wanda kuma marubucin wasan kwaikwayo ne. Tamu ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Tawa da ta Damagaram, an san ta ne da kimiyya da fasahar ƙere-ƙere, da aikin gona, da likitanci, kuma wannan abin alfahari ne. Sai dai ina tuna wa masu cewa al'ada ba hurumin jami'ar kimiyya ba ce, cewa Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da aka sa wa jami'ar sunansa masanin kimiyya ne, amma shi ne ya riƙe muƙamin babban sakataren hukumar haɗin gwiwar al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974 zuwa 1981, hukumar da aka kafa a Yamai a 1970. Bai ɗauki ɗayan a matsayin abokin gabar ɗayan ba.

Abin da za a bincika kuwa yana nan a ƙofar gida. Muna da fadar Katsina a Maraɗi da fadar Gobir a Tibiri, da tambura da kakaki da algaita, da take da kirarin kowace sarauta. Muna da kalangun mahauta, da dundufar maƙera, da gangar noma da ake kaɗa wa samari a gayya, da kiɗan ƙwarya da waƙoƙin daka da na niƙa na mata, da tashen watan azumi, da kirarin 'yan kokowa a filin da ke ɗauke da sunan Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin ƙasa a 1975. Akwai kuma labarin ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa gari ya tashi daga kwari ya hau tudu, wanda waɗanda suka gan shi da idonsu saura kaɗan. Manyan rubuce-rubucen da duniya ta san Maraɗi da su, irin na Guy Nicolas, da Emmanuel Grégoire a kan alhazan garin, da Barbara Cooper a kan aure, baƙi ne suka yi su, cikin Faransanci da Ingilishi. Ba na raina aikinsu, domin sun yi shi da haƙuri kuma sun adana mana abubuwa da yawa. Amma abin yana sosa mini rai, a ce ɗan gari zai nemi labarin kakanninsa a littafin da aka buga a Faransa ko Amurka, alhali kakar tasa tana zaune a tsakar gida.

Dalilin da ya sa na nace a kan ɗalibin lisans shi ne, yana da abin da babban farfesa ba shi da shi. Duk hutu yana komawa Tasawa ko Mayahi ko Dakwaro ko Gidan Rumji, yana jin karin harshen wurin, ya san wa ake gaisarwa kafin a shiga, kuma tsohuwar da ba za ta buɗe baki a gaban baƙo ba za ta yi wa jikanta waƙa har da ba shi labarin wadda ta koya mata. Ƙuruciya ba ta hana aiki mai nauyi. A 1958, ɗaliban zane a kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu suna masu cewa ba za su tsaya ga kwaikwayon zanen Turai kaɗai ba, sai sun haɗa shi da na gidajensu, kuma abin da suka fara suna ɗalibai ya sauya tafiyar zane a Najeriya baki ɗaya. Haka kuma a sassan nazarin Hausa na jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya, kundayen digirin farko sun adana tarihi da waƙoƙin makaɗa masu yawa da ba don su ba da sun tafi da abinsu kabari.

Bari in faɗi yadda aikin yake, domin wasu suna zaton ɗaukar murya da waya ne kawai. Ɗalibi zai je wurin makaɗi da goronsa, ya gabatar da kansa, ya faɗi abin da zai yi da maganar, ya nemi izini. Ranar farko ba a samun komai sai gaisuwa da kirarin da ake yi wa kowa. Sai an koma, an zauna a zaure, tsohon ya ɗauko kalangun ya matse shi a hammata ya kaɗa wani take, sannan ya tsaya ya tambayi yaron ko ya ji abin da gangar ta ce. Yaron zai ce bai ji ba. Tsohon zai maimaita, yana faɗin kalmomin da baki yana binsu da kiɗa, har kunnen yaron ya buɗe. Daga nan sai babban aikin: a zauna a saurara, a rubuta kalma bayan kalma, a bar Katsinanci ko Gobiranci yadda ya fito ba tare da an gyara shi zuwa Kananci ba, a ware maganar jagora da ta 'yan amshi, a koma a tambayi ma'anar zambon da aka sakaya. Waƙar minti 10 tana iya cin yini guda. Wanda ya yi wannan ya koyi saurare, ya koyi tantance abin da ya ji daga abin da yake zato, ya koyi riƙon amana, kuma waɗannan su ne tushen bincike ko a ɗakin gwajin sinadarai.

Sai dai idan aikin ya tsaya a takarda, an yi masa bango an ajiye a kabad, to rabinsa ne aka yi. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma gaskiya ne cewa takarda ba ta ɗaukar murya, ba ta ɗaukar rawa, ba ta ɗaukar yadda jama'a ke amsawa. Na taɓa halartar daren al'adu da ɗalibai suka shirya a wata babbar makaranta. An yi abin da aka saba: wani ya naɗa rawani ya zama sarki, dogarai suna ta zare ido, an kwaikwayi baƙauye da ya shigo birni, an yi dariya. Can sai wata ɗaliba ta fito ita da ƙawarta da turmi da taɓare biyu, suka fara lugude, tana rera waƙar daka da ta ce a wurin kakarta ta koya, waƙar da mace ke yi wa kishiya habaici tana kuma yabon ɗanta na fari ba tare da ta ambaci sunansa ba. Surutu ya ɗauke, har masu danna waya suka ɗaga kai. Da ta gama aka tafa, mai gabatarwa ya kira na gaba, shi ke nan. Ba wanda ya tambaye ta garin da waƙar ta fito, ba malamin da ya ce ta rubuta, ba maki ko ɗaya da ya shiga takardarta. Abin da ya fi komai daraja a daren ya wuce kamar ba a yi ba, saboda tsarin karatu bai tanadar masa wuri ba.

Maƙwabtanmu sun nuna cewa ana iya tanadar wurin. A tsakiyar shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta gina dandalin wasanta da jar ƙasa, bisa fasalin gidan Bahaushe, fili a tsakiya da ɗakuna kewaye, kuma malamai irin su Michael Etherton da Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka riƙa tura ɗalibai cikin unguwanni da ƙauyuka su zauna da mutane, su ji matsalolinsu, su gina wasa a kai, su mayar musu da shi a dandalin garinsu, a tattauna bayan an gama. Wasan Manoma da aka yi a Soba a 1977 daga wannan tsari ya fito. Mu ma a Nijar ba baƙi ba ne ga wannan. Zamanin samariya, wato ƙungiyoyin matasa na lokacin mulkin Seyni Kountché daga 1974 zuwa 1987, kowace jiha tana da 'yan tiyatir ɗinta da ke karawa a bikin matasa na ƙasa, kuma irin su Yazi Dogo sun nuna cewa wasan Hausa da ake ginawa da baki, ba tare da rubutaccen littafi ba, yana iya cika fili ya kuma sa mai mulki ya saurara. Abin da ya rage shi ne a shigo da wannan gado cikin jami'a a ba shi malami da lokaci da maki.

Ba sai an jira gina sabuwar tsangaya ba. Ɗaliban aikin gona suna karanta sassabin zamani, dabarar barin kututturen itace ya sake tohowa a gona, wadda a nan yankin Maraɗi ta bunƙasa tun shekarun 1980 kafin ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Ɗalibin da ya je ƙauye ya ji yadda ake rikici tsakanin mai gona da mai saran itace da dare, ko tsakanin manomi da makiyayi a kan rassan gawo, zai iya rubuta rahoto, amma idan ya mayar da abin wasa ya nuna a gaban mutanen ƙauyen, nan take wani dattijo zai miƙe ya ce ba haka ake yi ba, ya gyara masa. Wannan gyara ya fi tambayar alƙalan jarrabawa zafi, kuma ya fi ta amfani. Haka ɗalibin likitanci da zai yi rayuwarsa yana yi wa uwaye bayani a kan tamowa da zazzaɓin cizon sauro, yana bukatar ya san yadda ake tsayawa a gaban jama'a a yi magana da Hausar da za ta shiga.

Na san abin da ke zuciyar iyaye da malaman addini, kuma ba na ɗaukarsa da wasa. Maraɗi gari ne mai kishin tarbiyya, kuma uban da ya sayar da hatsinsa ya tura 'yarsa jami'a yana da haƙƙin ya tambayi abin da take yi a dandali da dare. Amsata ita ce, abin da aka bari ba mai kula shi ne yake lalacewa. Wasan da ke cikin manhaja, da malami a kansa, da rana tsaka, da iyaye a cikin 'yan kallo, ya fi wanda ake yi a ɓoye tsabta. Kuma fannin yana da faɗi: waƙoƙin wa'azi na ajami, da ƙira'ar makarantun allo, da zayyanar allo, da bege, duk abin bincike ne. Nazarin abu kuma ba yin imani da shi ba ne. Ɗalibin da ya rubuta tarihin sarautar Iya a Maraɗi ko ta Inna a Gobir, sarautun mata masu shugabantar 'yan bori, tarihi ya rubuta. Masu cewa fannin ba ya ciyar da mutum kuwa, su dubi gidajen rediyon garin nan da masu shirya finafinai da ƙungiyoyin wayar da kai, su ga irin ƙarancin masu iya rubuta shiri mai ma'ana.

Akwai sharuɗɗan da nake ganin in babu su gara a bari. Makaɗi ko tsohuwar da aka ɗauko abu a wurinta a ambaci sunanta in ta yarda, a gayyace ta ranar wasa a ba ta kujerar gaba, a mayar mata da kwafin abin da aka naɗa, kuma in kuɗi ya shigo a ba ta rabonta. Sannan a yarda ɗalibi ya rubuta kundinsa ya kuma kare shi da Hausa, tare da taƙaitawa da Faransanci, musamman tun da kundin tsarin ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Babu hikima a tilasta wa yaro ya fassara kirarin mahauta zuwa Faransanci kafin a yarda cewa ya yi ilimi. Abin da aka naɗa kuma kada a bar shi a wayar ɗalibi ta faɗa ruwa ya tafi. A ajiye kwafi a ɗakin karatun jami'a, a aika wani zuwa IRSH, cibiyar binciken tarihi da zamantakewa, ko CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, a Yamai, cibiyoyin da aikinsu ke nan tun shekaru da dama.

Roƙona ga shugabannin jami'armu da malamanta da ƙungiyar ɗalibai shi ne a fara da ƙarami a shekarar karatu mai zuwa: darasi ɗaya na zaɓi a shekara ta 3, buɗe ga ɗalibin kowace tsangaya, inda rukunin ɗalibai za su zaɓi gari ɗaya da batu ɗaya, su yi bincike a lokacin hutu, su miƙa rubutu, su nuna wasa sau biyu, ɗaya a harabar jami'a ko a gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga, ɗaya a garin da suka ɗauko labarin. A haɗa malamin jami'a da wani tsohon ɗan tiyatir ko makaɗi na gari su duba aikin tare, kuma a raba makin biyu tsakanin rubutun da wasan.