Gasar Swordquest ba ta yawan maki ba ce

Sau da yawa idan aka ambaci gasar Swordquest, wadda kamfanin Atari ya fara a Amurka a 1982, sai a ce wanda ya fi tara maki ne yake lashe kyautar. Ba abin mamaki ba ne a yi wannan zato, domin haka yawancin gasannin wasan bidiyo na wancan zamani suke, amma a nan lamarin ya sha bamban.

Swordquest jerin wasannin bidiyo ne, kuma kowane kaset na wasan yana zuwa ne tare da ƙaramin littafin labari mai zane na kamfanin DC. A wasan farko, Earthworld, idan mai wasa ya ajiye kayan da suka dace a ɗakin da ya dace, sai lambobi biyu su bayyana, ɗaya ta shafin littafin, ɗaya ta zanen da aka ɓoye kalma a cikinsa. Kalmomi goma ne, biyar kaɗai ne na gaskiya, kuma su ake aika wa kamfanin ta gidan waya. Mutum takwas kacal suka dace, kuma su aka gayyata zagayen ƙarshe, inda ɗayansu ya karɓi laya ta zinariya mai darajar dala 25,000.