Daga ina h ɗin kalmar hermoso ta fito?

Duk mai koyon Sifaniyanci yakan yi tuntuɓe da hermoso, wato kyakkyawa: ana rubuta h, amma "ermoso" ake cewa. Amsar da aka saba bayarwa ita ce "haddace kawai". A ganina wannan tauye ɗalibi ne, domin h ɗin nan mabuɗin kalmomi masu yawa ce.

Asalin hermoso shi ne formosus na Latin, harshen da Sifaniyanci ya samo asali daga gare shi, daga forma, wato siffa. Ke nan mai kyan ƙira. A tsohon Sifaniyanci ta zama fermoso, o na farko ya koma e. Sai f ta yi laushi ta zama h mai fitar numfashi, kuma haka ake furta ta lokacin da masanin harshe Antonio de Nebrija ya wallafa littafinsa na nahawun Sifaniyanci a 1492. Cikin ƙarni na 16 sautin ya yi ta ɓacewa, harafin ya tsaya a rubutu.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Bakano ya ce fura, Basakkwace ya ce hura. Wannan ya ce tafi, wancan ya ce tahi. F ɗinmu da leɓɓa biyu ake yin ta, shi ya sa take saurin zamewa, kuma masana da dama suna ganin irinta ce mutanen arewacin Sifaniya suke da ita a da.

Ga yadda za ka amfana. Ka ga h a farkon kalma, sa f a gurbinta ka duba: harina daga farina (gari), hijo daga filius (ɗa), hierro daga ferrum (ƙarfe), hacer daga facere (yi). Ita kanta forma, kalmomi biyu ta haifa: forma ta masu ilimi, da horma, ƙirar da ake ɗinka takalmi a kanta.

Inda ake kuskure shi ne a ɗauka dokar ta game ko'ina. Gaban ue ko r, f ba ta motsa ba: fuego, fuerte, frío. Kuma h ɗin hombre da hora tun a Latin take, ta huevo kuwa daga baya aka ƙara, asalinsa ovum ne.

Fotugal ta riƙe formoso, Romaniya tana da frumos, alhali Italiya da Faransa sun fi karkata ga bellus, wata kalmar Latin mai nufin kyakkyawa. Matuƙan jiragen ruwan Fotugal ne ma suka raɗa wa tsibirin Taiwan suna Formosa.