Gefen da ya karkace ba shi ne tsayi ba

Wallahi wannan kuskuren da ake yi wajen lissafin girman tirafiziyom yana damuna, daga ɗalibai masu shirin WAEC har dillalan fili duk suna yinsa. Tirafiziyom shi ne siffa mai gefe huɗu wadda gefe biyu nata suke tafiya a jere, ko an miƙa su har ina ba za su haɗu ba. In za ka nemo girman cikinsa sai ka haɗa tsawon waɗannan biyun, ka raba gida biyu, ka ninka da tsayi. To a wajen tsayin nan ake yin ɓaranɓarama, mutum kawai sai ya ɗora tef a gefen da ya karkace ya ce ai ga tsayi nan, alhali tsayi shi ne tazarar da ke tsakanin gefe biyun nan a miƙe sak, kamar yadda magini ke sakin igiya da dutse a jikin bango.

Ɗauki fili mai gaba ƙafa 40, baya ƙafa 100, gefe da gefe kowanne ƙafa 50 a karkace. Tazarar gaba da baya ƙafa 40 ce kacal. 140 a raba biyu 70, sau 40 ya ba ka murabba'in ƙafa 2,800. Wanda ya ɗauki 50 kuwa 3,500 zai samu, ka ga an ƙara 700 na ƙasar da babu ita, kuma mai saye ne zai biya kuɗinta.