Jirgin sama mai batir, da maganar da ta tsaya mani a rai

Wani abokin aikina Bafaranshe ya ja ni wani ɗan filin jirgi a bayan gari, na masu koyon tuƙi, ciyawa an aske ta tas, ga rumfar shan gahawa, tsofaffi sun ɗaga kai sama kamar masu duban watan azumi. Wai in zo in ga Velis Electro, na kamfanin Pipistrel na Sloveniya, jirgi mai batir na farko da hukumar jiragen Turai ta ba lasisi, a 2020. Mutum biyu yake ɗauka, an jona mashi waya yana caji, da ya tashi kuwa ba hayaƙi ba warin mai sai ɗan kukan farfela. Wallahi ya burge ni. Kawai sai mutumin nan ya ce wai ni mai hawa jirgi zuwa gida Katsina duk shekara in riƙa tuna hayaƙin da nake zubawa.

Haba jama'a! Abin da minti 50 yake yi a sama ya nemi caji, ko Katsina zuwa Kano sai da addu'a. Matsalar nauyi ce, ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na man jirgi ya ninka na batir fiye da sau 40, kuma mai yana ƙonewa jirgi na rage nauyi, batir kuwa ko ya mutu nauyinshi na nan daram. To ta ina zai kwashi alhazai daga filin Umaru Musa 'Yar'adua zuwa Jidda? Alhali dogayen tafiye-tafiyen nan su ke da kaso mai tsoka na hayaƙin.

Na yarda gajerun hanyoyi za su amfana, nan Faransa ma a 2023 sun hana wasu jiragen cikin gida inda jirgin ƙasa ke kaiwa ƙasa da awa biyu da rabi. Madalla, ai suna da jirgin ƙasan. Jiragen duniya kaf wajen kashi 2.5 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya suke fitarwa, mu 'yan Afirka nawa ne ma a ciki? Sannan cajin da wace wutar, injinan samar da wuta da iska na Lambar Rimi a jihar Katsina megawat 10 kacal shekara nawa aka kwashe ana jira.

Ni dai Hajiya ta tsufa, waya ba ta isarta, ita so take ta gan ni zaune a tsakar gida, bana kuma tikiti ya fi ƙarfina. Don Allah in akwai mai tafiya Katsina kafin Sallah ya taɓa ni, akwai maganin ƙafarta da zan ba da saƙo.