Na'ura ba ta gane abin da ba a taɓa nuna mata ba

Duk wanda ya kaɗa ƙuri'a a Zariya a zaɓen 2023 ya ga yadda jami'in zaɓe ke saita na'urar BVAS a fuskar mutum idan zanen yatsansa ya ƙi karantuwa, kafin ƙiftawa da bismillah ta ce shi ne ko ba shi ba ne. Haka wayar da ke buɗewa da zarar mai ita ya dube ta. Wannan reshe ne na ƙirƙirarriyar basira, wato koya wa kwamfuta gane abin da ke cikin hoto, kuma tunda har ta fara yanke hukunci a kanmu, ya wajaba mu san yadda take yi.

Kwamfuta ba fuska take gani ba, lambobi take gani. Hoto a wajenta tamkar tabarma ce da aka saƙa da ƙananan ɗigogi, kowane ɗigo da lambarsa. A hoton fari da baƙi, 0 na nufin baƙi ƙirin, 255 kuma fari fat, idan mai launi ne kowane ɗigo na ɗauke da lambobi uku, na ja da na kore da na shuɗi. Hoton waya mai ɗigo miliyan 12 ke nan lambobi miliyan 36 ne. Wahalar ita ce akuya guda, idan aka ɗauke ta da hantsi aka kuma ɗauke ta cikin hazon hunturu, ko ta gaba da ta gefe, lambobinta sun sha bamban, alhali yaro ɗan shekara uku ya san akuyar gidansu ce.

A 1966 masana a jami'ar MIT ta Amurka sun zaci ɗalibai za su ci ƙarfin wannan matsala a hutu guda, sai ga shi ta ci kusan shekara hamsin. Hanyar da ta ɓulle daga baya tana da alaƙa da binciken David Hubel da Torsten Wiesel na 1959, waɗanda suka gano cewa a ƙwaƙwalwar kyanwa akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai sun ga layi a wata karkata ta musamman. Manhajojin yau ma hawa-hawa suke aiki: hawan farko na tsinto layuka da iyakar haske da duhu, na gaba ya haɗa su zuwa lanƙwasa da kusurwa, na sama ya fitar da ido ko kunne ko ƙaho. Ba wanda ke rubuta mata cewa ga kamannin ƙaho. Dubban hotuna ake nuna mata, kowanne da sunansa, duk lokacin da ta yi kuskure a ɗan gyara lissafinta, kamar dai yaron da ke bin mahaifinsa kasuwar kara har ya iya bambance shanun Bunaji da na Rahaji ba tare da an ba shi darasi ba.

Shi ya sa tarin hotuna ya zama jari. Rumbun ImageNet da Fei-Fei Li da abokan aikinta suka fitar a 2009 ya kai hotuna sama da miliyan 14, kuma a gasarsa ta gane hotuna ta 2012 ce manhajar AlexNet daga Jami'ar Toronto ta yi kuskuren kusan kashi 15 cikin 100, alhali mai bi mata na da kashi 26.

To, a nan damuwata take. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin kamfanoni uku a kan bambance namiji da mace, suka tarar kuskure a kan maza farar fata bai kai kashi 1 ba, amma a kan mata baƙar fata ya kai kusan kashi 35. Na'urar ba ƙiyayya take yi ba, waɗanda ta saba gani ta fi ganewa. Idan haka ta faru da fuskar ɗan Adam, ina ga gonar dawa da wuta-wuta ta cinye, ko ƙurji a baƙar fata, ko shafin ajami da tawadarsa ta dusashe?

Ban san garin da ya fi Zariya dacewa da cike wannan giɓi a Arewa ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru na da masanan da ke gane cutar masara da wake da gyaɗa da kallo ɗaya, NAERLS, cibiyar yaɗa dabarun noma ta ƙasa, na da hanyar kaiwa ga malaman gona, Shika na da asibitin koyarwa da cibiyar binciken dabbobi, gidajen malamai a cikin birni kuma cike suke da tsofaffin littattafan hannu. Abin da ya rage shi ne a ɗauki hotunan, a zaunar da masani ya sanya wa kowanne sunansa na gaskiya, a adana.

Za a ce ina wutar lantarki, ina manyan kwamfutoci? Uzurin na da tushe, amma ba dole ne a fara daga farko ba. Ana iya ɗauko manhajar da aka riga aka horar a ƙara mata horo da 'yan dubban hotunanmu, ta kuma yi aiki a waya ko babu intanet, kamar manhajar Nuru da ke gane cututtukan rogo. Abu mai tsada a nan shi ne idon gwani da lokacinsa, kuma wannan muna da shi.

Sharaɗi guda ne ba zan yarda a yi wasa da shi ba. Hoton ganyen masara ba ya buƙatar izini, amma hoton majiyyaci ko fuskar matar aure amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hau kan duk mai tara su. A fara da gona da dabbobi da littattafai, inda amfanin yake a fili kuma haɗarin kaɗan ne, a daminar da ke tafe ɗaliban aikin gona da na kimiyyar kwamfuta su shiga gonakin gwaji na Samaru tare, kowa da wayarsa.