Ƙudaje 77 a Kamun 'Yar Gwaggo

Tun da na sayi kwamfuta na iya taɓa Photoshop, dangi suka naɗa ni sarkin zanen gidanmu, sarautar da albashinta "Allah ya yi albarka". Da bikin 'yar Gwaggo ya matso, ba wanda ya tambaye ni ko ina da lokaci. Kira kawai ta yi: "Kai ɗan nan, bana za ka yi mana, babban ƙyallen hoton nan da ake kafawa bayan amarya ranar kamu. Kuma ban son furannin Turawan nan. Tabarma nake so, ta kaba, irin ta gidanmu ta da."

Na ce an gama, Gwaggo.

Na shimfiɗa tabarmar a tsakar gida, na ɗauke ta hoto da waya, kusa-kusa don saƙar ta fito. Lokacin mangwaro ne, kuma yara ba su daɗe da gama sha a wurin ba.

Banar mita 3 ce a kwance, mita 2 a tsaye. In ka ja hoton waya ɗaya ya cika wannan fili, dishi-dishi zai yi. Don haka sai a yanki ɗan murabba'i a jera shi kamar tayil, dama ta haɗu da hagu, sama ta haɗu da ƙasa, ba tare da ido ya ga mahaɗa ba. Sirrin yana wurin abin da Photoshop ke kira Offset: ka tura hoton rabi gefe, rabi ƙasa, sai bakunansa su dawo tsakiya su yi gicciye, ka bi da Clone Stamp, mai kwafo wani sashen hoto ya rufe wani, kana shafewa har saƙar ta zama ɗaya. Awa biyu na yi a kan gicciyen nan, zare bayan zare, har ina yaba wa kaina.

Abin da ban kawo a rai ba, in baki ya dawo tsakiya, ita ma tsakiyar tashi take yi. Rabuwa huɗu take ta maƙale a kusurwoyi. Ashe a tsakiyar hotona akwai ƙuda, ƙato, ya ƙoshi da mangwaro yana hutawa. Offset ya raba shi gida huɗu: fiffike a wannan kusurwa, ƙafa a waccan, kowanne kamar ɗan datti. Da na jera tayil ɗin, santimita 25 kowanne, 12 a kwance 8 a tsaye, duk inda kusurwa huɗu suka gamu sai ƙudan ya koma cikakkensa.

Na ga wasu ɗige-ɗige a jere kuwa. Amma an ɗauke wuta, batir na kuka, hoton kuma na ƙanƙance shi don ya shiga allo. Na ce a raina, kai, har ado ya yi wa kansa. Na tura wa mai bugawa.

Da na je karɓa, a naɗe ya miƙo mini, yana wani murmushi. "Oga, sabon yayi ne wannan?" Na ce masa ai sai a hankali za ku gane.

Ranar kamu aka warware ta. Tabarma ta fito tsaf, ko mai neman aibu ba zai nuna mahaɗa ba. A kanta kuwa ƙudaje ne sahu-sahu, kowanne ya kai girman dabino, duk sun fuskanci gabas kamar masu jiran liman. Yara suka ƙirga 77, ban da rabi-rabin da ke leƙowa daga gefe. Wata tsohuwa daga dangin ango ta ɗaga mafici ta kai wa banar duka har sau uku, sannan ta ce ita ba ta taɓa ganin ƙudaje masu taurin kai irin na gidan nan ba.

Gwaggo ba ta ce mini komai ba sai da aka watse. Ta kira ni, ta dubi banar, ta dube ni.

"Ɗan nan, tabarma na ce."

"Ga ta nan ai, Gwaggo."

"Su waɗannan kuma wa ya ba su katin gayyata?"

Yanzu banar tana bayan gida an rufe buhunan gawayi da ita, ƙadangaru na ta kai mata cafka.