Shagon da ke cikin waya, wa ke riƙe da makullinsa?

Wanda ya fara kiran Facebook da 'yan uwansa "dandalin sada zumunta" ya iya raɗa suna. Dandali dai mun san shi: filin nan na ƙofar gidan mai gari, inda 'yan mata ke gaɗa idan farin wata ya fito, mai tsire ya kafa tukuba, samari na ta kai da komowa. Abin da ake yi a can shi ake yi a waya yanzu, hira da ciniki da tsegumi da neman aure, har da dambe. Shi ya sa muke cewa "na shiga", "na fita", "mun haɗu a guruf", alhali ƙafa ba ta taka ko'ina ba. Wuri ne da na'ura ta ƙirƙira, amma kuɗin da ake samu a cikinsa na gaske ne, mutuncin da ke zubewa ma haka.

Inda sunan ya yaudare mu shi ne maganar mallaka. Babu mai iya naɗe dandalin gari ya sa a aljihu. Na waya kuwa yana da mai shi, kuma zaman haya muke yi.

Akwai wata maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa da turaren wuta. Ba ta da rumfa a Kantin Kwari, shagonta shi ne sitatus ɗin WhatsApp. Da safe ta baza atamfofi a kan gado, ta ɗauki hoto, kafin azahar an fara "Hajiya, nawa turmi?" Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa 6 a duniya baki ɗaya. Ta kashe waya ta kunna, ta ƙara sayen data, ta tsine wa kamfanin layi, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Matsalar tana can cikin na'urorin kamfanin Amurka, ita kuma ba ta da ko wanda za ta kai wa ƙara.

Wannan ma kuskure ne aka samu. A watan Yunin shekarar da gangan gwamnatin Buhari ta rufe Twitter, sai Janairun 2022 aka buɗe. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, har mutane suka riƙa tsallakawa maƙwabtan jihohi don kawai su kira 'yan uwa ko su tura kuɗi. A Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka shiga rawar ɗari. Ashe abin da muke ɗauka yana yawo a iska, a ƙasa yake tsaye: turakun sabis, janareto mai shan dizal, da igiya a ƙasan ruwa.

Duk da haka ban yarda da masu cewa duniyar intanet mafarki ce ba. Matar da ke kulle ta samu kasuwa ba tare da ta fita zaure ba. Ɗalibi a Maraɗi na sauraron karatun malaminsa na Kano kai tsaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Masu zuzutawa ne ke wuce gona da iri. Bayan Mark Zuckerberg, mai Facebook, ya sauya sunan kamfaninsa zuwa Meta a 2021, an yi ta rububin sayen "filaye" a duniyar kwamfuta, har aka sayi fuloti a wani dandali mai suna Decentraland a kan sama da dala miliyan 2, filin da ko akuya ba za ka ɗaure a ciki ba. Daga baya farashin ya rikito. Haka da Saudiyya ta fito da tabarau na musamman da ke nuna Hajarul Aswad kamar kana gabansa, sai da hukumar addini ta Turkiyya ta fito ta ce kallo ne kawai, bai sauke wa kowa farali ba.

Ita dai Hajiya tun ranar nan ta sayi littafi mai bangon kwali. Duk wadda ta yi ciniki da ita, sai ta rubuta sunanta da lambarta da unguwarsu da biro. Yaranta na mata dariya, ita kuwa ta kusa cika na biyu.